Yakoblef, Mai Zanen Da Ya Zana Sarkin Damagaram



Yau hirarmu a kan wani mai zane ce, mutumin ƙasar Rasha. Sunansa Alekzanda Yakoblef. Faransawa suna rubuta sunan haka: Iacovleff. Sunan yana da nauyi a baki, amma in kun raba shi uku, Ya-kob-lef, sai ya zo da sauƙi. Wataƙila wani ya ce, ina ruwanmu da mutumin Rasha? To, da ruwanmu. Mutumin nan ya zo Damagaram a shekarar 1924. Ya dubi Sarkin Damagaram ido da ido, ya zana fuskarsa a takarda. Zane-zanen da ya yi a ƙasarmu da yawansu suna nan har yau, sai dai ba a hannunmu su ke ba.

Kafin mu shiga labarinsa, bari mu fahimci sana'ar tukuna. Fentin masu zane iri-iri ne, amma manyan biyu ne: na mai da na ruwa. Na mai, garin launi a ke kwaɓawa da mai. Yana da kauri, yana da sheƙi, amma ya kan yi kwanaki bai bushe ba. Na ruwa kuwa abu uku ne a cikinsa: garin launi, da ƙaro, da ruwa.

Kun ji na ce ƙaro. Ai kun ga wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Ku tuna da tawadar makarantar allo. Da me a ke yin ta? Da gawayi ko baƙin tukunya, da ƙaro, da ruwa. Ku tuna kuma da zayyana, wadda a ke yi wa allon ɗalibi in ya sauke Alƙur'ani, a sa ja, a sa rawaya, a sa kore. Malamin da ke zayyana a Birni da Nasaran da ke zane da fentin ruwa a Faris, hikima ɗaya su ke aiki da ita. Ruwa shi ne ke ɗaukar launi ya kai shi kan takarda ko kan allo. Daga nan ruwan ya bushe ya tafi abinsa. Ƙaro shi ke saura, ya riƙe launin kada ya zube. In babu ƙaro, kana shafawa da yatsa sai launin ya kakkaɓe kamar ƙura.

Ƙaron nan kuwa daga jikin ɗakwara a ke samun mafi kyawunsa, ita ce wadda ku ke gani a dajin Gure da Maine. Nasara suna ce masa ƙaron Larabawa, don ta hannun fataken Larabawa ya fara isa gare su. Har gobe, fentin ruwa mai kyau da a ke sayarwa a Turai, da ƙaron ƙasashen Sahel a ke haɗa shi, na Sudan, da na Cadi, da na maƙwabtansu.

Fentin ruwa yana da wani hali. Ba ya ɓoye kuskure. In mai fentin mai ya ɓata wuri, sai ya bari ya bushe, ya shafa wani launi a kai, ba wanda zai sani. Mai fentin ruwa ba shi da wannan dama sosai, don launinsa garai-garai ya ke, abin da ke ƙasa yana leƙowa. Saboda haka da launi mai haske a ke farawa, a ƙare da mai duhu. Inda a ke son fari kuwa, kamar farin rawani, sai a bar takardar yadda ta ke, kada buroshi ya taɓa wurin. Watau tun kafin mutum ya fara, sai ya san inda ba zai taɓa ba. Akwai kuma wani ɗan'uwan fentin ruwa da a ke kira tamfera. Shi ma da ruwa a ke tsinka shi, amma sau da yawa gwaiduwar ƙwai ce ke riƙe launinsa a maimakon ƙaro, kuma ya fi rufe takarda. Yakoblef ya yi aiki da wannan ƙwarai. Fuskokin mutane kuwa, yawanci da wani jan alli ya ke zana su, mai kama da jar ƙasa, ya haɗa da gawayi.

To, yanzu mu koma ga mutumin.

An haifi Yakoblef a 1887, a birnin San Fitasbag, wanda a lokacin shi ne babban birnin Rasha. Ubansa sojan ruwa ne da ya koma ƙera injuna. Shi da wani abokin aikinsa ne suka ƙera mota ta farko a ƙasar Rasha, aka nuna ta ga jama'a a 1896. Uban ya rasu a 1898, yaron yana da kamar shekara 11. Ku riƙe maganar motar nan, za mu sake gamuwa da mota a gaba.

A 1905 ya shiga babbar makarantar zane ta birninsu. Shekara takwas ya yi a ciki, sai 1913 ya fita. Shekara takwas, jama'a, a kan koyon zane kawai! Malaminsa, Kardofski, mutum ne da ba ya yarda ɗalibi ya ruga wajen launi. Sai hannu ya iya fitar da siffa tukuna: yadda ƙashi ya ke a ƙarƙashin fata, yadda wuya ke ɗauke da kai, yadda haske ke sauka a goshi ya bar inuwa a gefen hanci. Maginin Damagaram zai gane wannan magana. Ba a fara adon bango sai bangon ya tsaya.

Da ya gama, makarantar ta ba shi kuɗin tafiya ƙaro ilimi. Shi da amininsa Shukayef suka tafi Italiya, suna duban aikin magabatan masu zane. A 1917 aka sake ba shi kuɗi, wannan karo ya nufi gabas, ƙasar Sin da Mangoliya da Japan. A Sin ya zana masu wasan kwaikwayo. A Japan ya zauna watanni a wani tsibiri tare da masunta. A cikin wannan shekara ta 1917 aka yi juyin mulki a Rasha, ƴan kwaminis suka karɓi ƙasa. Yakoblef bai sake komawa gida zama ba. Ya wuce Faris, ya nuna zane-zanen da ya yi a gabas, sunansa ya fito.

A Faris ɗin akwai wani attajiri mai masana'antar motoci, André Citroën. Yana so duniya ta san motarsa ba ta tsoron rairayi, ba ta tsoron daji. Sai ya shirya wata tafiya: motoci 8 su ratsa Afirka tun daga arewa har tsibirin Madagaska. Motocin ba irin na yau ba ne. A gaba ƙafa biyu gare su kamar kowace mota, a baya kuwa wata ɗamara ce ta roba mai faɗi ke juyawa, kamar ta katafila, don kada su nutse. Kowace mota da tambarinta a jiki. Ta madugun tafiyar, Haardt, buzuzu ne na zinariya. I, buzuzun nan da ku ka sani, mai mirgina kashi. A wajen mutanen Masar na dā abin girmamawa ne, daga can Nasara suka aro shi. Ta mataimakinsa, Audouin-Dubreuil, jinjirin wata ne na azurfa.

Aka ɗauki makanikai, aka ɗauki likita, aka ɗauki masu ɗaukar silima. Aka kuma ɗauki mai zane guda ɗaya, Yakoblef. Kun ga ɗan wanda ya ƙera motar farko a Rasha, ga shi mota za ta kai shi inda bai taɓa tsammani ba.

Me ya sa a ke bukatar mai zane, alhali ga na'urar hoto? Domin hoton wancan zamani yawanci baƙi da fari ne. Ba ya nuna shuɗin baba na rawani, ba ya nuna jan sirdi, ba ya nuna kalar ƙasa da yamma. Wanda ke son launi, sai ya nemi mai buroshi.

Suka tashi daga Kolom-Beshar, a ƙasar Aljeriya, ran 28 ga Oktoba 1924. Suka ratsa hamada, suka faɗo bakin kogin Kwara a Burem, suka biyo shi zuwa Yamai. Daga nan suka yi gabas, ta hanyar da mu ke bi har yau: Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Tasawa. Cikin watan Disamba suka shigo Damagaram.

Bari mu tsaya nan kaɗan, mu dubi garin da suka tarar.

A lokacin, Zinder ita ce hedkwatar Nijar. Gwamnan Faransa a nan ya ke zaune, ba a Yamai ba. Sai a 1926 aka mayar da hedkwata Yamai. Garin kashi-kashi ne, kamar yadda ku ka sani: ga Birni, inda fada ta ke, cikin ganuwar da Sarki Tanimu ya gina, ga Zango, masaukin fatake da ayarin raƙuma, ga kuma barikin Nasara. Shekara 25 ke nan kacal da Faransawa suka ci garin, bayan yaƙin Tirmini na 1899, shekarar da aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Dattawan da suka ga wannan da idonsu suna nan da ransu a kasuwa. A 1906 Nasara suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa, suka ce yana shirya musu tawaye, suka kai shi Kodebuwa. Suka ɗora Ballama, wani bafade, ya riƙe gari. Sai a 1923 suka mayar da sarauta gidanta, aka naɗa Barma Mustafa.

Ku lissafa da kanku. Daga 1923 zuwa 1924 shekara nawa ne? Ɗaya. Watau sarkin da Yakoblef ya zana, sabon sarki ne, a kan gadon da ya daɗe ba mai shi, kuma gwamnan Nasara yana nan kusa da shi yana kallo. In baƙin gwamna suka ce suna son hoton sarki, ba abu ne mai sauƙi a ce musu a'a ba. Mu kuwa a nan, adonmu bai saba da fuskar mutum ba. Ku dubi bangon gidajen Birni, ku dubi aikin dukawa a jikin fata, ku dubi aska takwas a gaban riga. Dagi ne, da layi, da da'ira. Malamai da yawa ba su son a zana abu mai rai. Saboda haka zaman da mutanenmu suka yi gaban wannan baƙo, ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu.

Shi kuma baƙon yana da tasa wahala. Motoci ba su daɗewa a gari. Lokacin hunturu ne, ga iska, ga ƙura. Da fentin mai ya dogara da shi, da kafin ya bushe ƙura ta manne masa, a kuma naɗe shi a jefa a mota ya lalace. A nan ne alli da fentin ruwa suka yi masa rana. Kayan ba su da nauyi. Ruwan ƙoƙo ɗaya ya isa aikin yini, abin da ba a rena shi a gari mai ƙarancin ruwa kamar Zinder. Kuma nan da nan ya bushe. Sai dai bushewar hunturu ta yi sauri fiye da kima: kana ɗora buroshi launi ya kama, babu damar tsayawa tunani. A nan shekara takwas ɗin nan ta makaranta ta biya shi.

Yadda ya ke aikinsa, takarda babba ya ke ɗauka. Ya kan ba fuska dukan ƙarfinsa, ido, da baki, da tsagar kumatu in akwai. Riga da sauran jiki kuwa, sau da yawa da ƴan layuka kaɗan ya ke nuna su. A ƙasan takardar sai ya sa hannu, ya kan kuma rubuta wurin da shekarar.

Wani abu da ni a ganina ya cancanci yabo, shi ne mutane da yawa da ya zana, da sunansu aka san hotunansu. A wancan zamani Nasara sun saba buga hoton mutanenmu a kati, su rubuta a ƙasa wai wannan irin Bahaushe ne, wannan irin Buzu ne, kamar yadda a ke rubuta irin gero ko irin akuya. Mutum ba suna, ba uba, ba gari. A aikin Yakoblef kuwa akwai Sarkin Zinder, wanda suka rubuta sunansa Barma Mata. Akwai kuma wani jarumi da suka rubuta Magemma, suka ce shi ne shugaban mahaya dawakin sarkin Maraɗi. Sunan sarkin Maraɗin suka rubuta shi da Faransanci, Sultan Serky Mussa. Kun gane abin da ya faru? Sun ji ana cewa Sarki Musa, sai suka ɗauka Sarki ɗin ma suna ne. In aka mayar da rubutun nasu Hausa, sai ya zama Sarki Sarki Musa. Kunnen baƙo ne ya ji, hannun baƙo ya rubuta, haka kuma aka buga shi, haka masu saye ke karanta shi har yau.

Amma kada yabo ya rufe mana ido. Tafiyar nan talla ce ta mota, kuma talla ce ta mulkin mallaka. Abin da a ke so mutanen Faransa su gani shi ne, ga ƙasashe masu faɗi, ga sarakuna da dawakinsu, duk suna ƙarƙashin tutarmu, kuma motarmu ta ratsa su. Motocin ba su tafi da ƙarfinsu kaɗai ba. Tun kafin su taso aka riga aka kai mai da kayan gyara aka ajiye zango-zango a kan hanya. A kurmin Kwango, dubban mutane aka sa suka sare daji don motoci 8 su wuce. Zamanin aikin dole ne, wanda a ƙasashen da Faransa ke mulka ba a soke shi ba sai 1946. A Tasawa, masu silima har cikin gidan Sarki Barmu suka shiga da na'urarsu, suka ɗauki matansa, aka je ana nuna wa ƴan kallo a Turai. Ku tambayi kanku, wane magidanci ne a cikinmu zai so haka? Yakoblef ɗan wannan ayari ne. Abincinsu ya ci, motarsu ya hau, kuma zanensa ya ƙara wa tallarsu kyau. Idonsa na gaskiya ne, amma aikin na masu mota ne.

Daga Damagaram suka wuce Gigimi da tafkin Cadi, suka gangara Bangi, suka shiga Kwango. Daga baya suka rabu ƙungiya-ƙungiya, suka sake haɗuwa a Madagaska. Tafiyar ta ƙare a birnin Tananarif cikin watan Yuni 1925, bayan wata takwas. Yakoblef ya koma Faris da zane wajen 300.

A 1926 aka baje su a wani babban zauren nuni a Faris. Jama'a suka yi ta zuwa kallo, gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girma. A 1927 aka zaɓi guda 50 aka buga su a wani babban kundi mai tsada, na masu hali. A 1931 Citroën ya sake shirya wata tafiya, daga Bairut zuwa Bejin ta ƙasar Sin, aka sake ɗaukar Yakoblef. Wannan ta fi ta farko wuya, ga duwatsu, ga sanyi, ga yaƙi a hanya. Madugu Haardt bai komo ba, ya rasu a Hong Kong a 1932.

Saura maganar koyarwa. A 1934 makarantar zane ta gidan tarihin birnin Bostan, a Amurka, ta kira shi ya shugabanci sashen zane. Ya yi shekara uku a can, har 1937. Abin da Kardofski ya ba shi, shi ya miƙa wa ɗalibansa: a duba da kyau tukuna, a fitar da siffa, sa'an nan a nemi launi. Irin wannan sana'a ba a koyon ta da baki kawai. Kamar ɗinki ce, ko ƙira, ko rini. Yaro yana zaune kusa da maigidansa, yana kallon hannu. Malamin da hannunsa ya ƙware, rabin darasinsa a cikin yatsunsa ya ke.

Sai dai ƙwarewa ma tana da tarkonta. Akwai masu sukarsa a lokacin, suna cewa hannunsa ya fi zuciyarsa gudu, kome ya gani sai ya fitar da shi tsaf, amma salon na tsofaffi ne. Zamani ya juya, samarin masu zane a Faris sun bar kwaikwayon abin da ido ke gani, suna neman wasu hanyoyi. Shi kansa a ƴan shekarunsa na ƙarshe ya shiga gwada sabon salo, mutumin da duniya ta riga ta yaba masa, ya koma yana lalube kamar ɗan koyo. Ni dai wannan ya fi lambar girmar burge ni.

Bai samu lokacin da zai kai gwajin nan ƙarshe ba. Ya bar Bostan ya koma Turai. Ciwon daji ya kama shi a ciki, aka yi masa aiki, ya rasu a Faris ran 12 ga Mayu 1938, bai cika shekara 51 ba. Amininsa Shukayef, wanda ya koma Rasha a 1935, a lokacin yana tsare: gwamnatin Stalin ta kama shi a 1937, ta kai shi sansanin aikin dole a can ƙuryar Saiberiya.

Zane-zanen da Yakoblef ya yi a Afirka sun watsu. Wasu suna gidajen tarihi na Faransa, wasu suna hannun attajirai. Lokaci-lokaci a kan fito da ɗaya a kasuwar gwanjo ta Landan ko ta Faris, a saye shi da kuɗin da zai gina makarantu da dama a karkara. Sarki Barma Mustafa kuwa, wanda aka zana yana da shekara ɗaya a kan gado, ya ci gaba da sarautar Damagaram har 1950, shekara 12 bayan mutuwar mai zanen.